Yadda Suka Fito da Fasinja

Mahaifinmu direban babbar mota ne, kuma a tasha ba wanda ya san shi da wani suna sai Sannu-sannu. Ba yabo ba ne. Direbobin da suka tashi tare da shi sai su kai kaya, su sauke, su ci su sha, su kamo hanyar dawowa, sannan su ci karo da shi yana tafe abinsa kamar wanda ya yi lodin ƙwai. Su danna masa hon, su leƙo ta taga suna cewa, "Sannu-sannu, Allah ya kai ka kafin baɗi!" Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu ɗaya, ɗayan yana kan sitiyari. Ya yi tuƙi har gemunsa ya yi fari fat, bai taɓa take ko kaza ba. Da yawa cikin masu yi masa dariyar nan, shi ya je ya yi wa iyalansu ta'aziyya.

Ni ce 'yarsa mace tilo, a tsakiyar maza biyu, Yaya da Auta. Ɗinki nake yi. Baba yana kirana Mai-baki, kuma ban taɓa musa masa ba. Idan kuka ji ina ɗaukar zafi a labarin nan, ku yi mini uzuri, abin bai huce mini ba har yau.

Ina yarinya, ko makaranta ban fara ba, ya dawo daga wata doguwar tafiya da hularsa a hannu maimakon a ka. Muka ruga, mun zaci alewa ce. Ashe ɗan kunkuru ne, bai fi tafin hannunsa ba. Wai yana cikin tafiya ya hango abu yana tsallaka kwalta, ya taka birki, ya tsayar da mota da kayanta niƙi-niƙi. Motoci suka yi layi a bayansa ana ta zaginsa, shi kuwa ya sauko ya ɗauke shi. Ya duba gefen hanya ya ga an ƙone dajin ƙurmus, ba inda zai ajiye shi, sai ya ɗora shi a kujerar gaba suka taho tare.

"Ga fasinja na kawo muku," in ji shi.

Umma ta leƙa hular, ta ɗago ta dube shi. "Mazan mutane suna kawo wa iyalinsu tsaraba, kai ka kawo mana dutse mai ƙafa. To, sannu da ƙoƙari."

Sunan ya bi shi ke nan, Fasinja.

A bayan gidanmu akwai fili na ƙasa, da bishiyar lemo a jikin katanga. Nan Fasinja ya zaɓa. Yana ƙarami ya tona ɗan rami irin na ɓera. Yana girma ramin yana girma, har shi ya kai girman robar wanki, ramin kuma ya nutse, ya karkata, ya bi ta ƙarƙashin saiwar lemon, ko tocila ka haska ba ka ganin ƙarshensa. Da sanyin safiya yake fitowa ya ci ciyawa da ganyen kabeji da ɓawon kankana, rana tana ɗagawa ya koma. In zafi ya tsananta kuwa, sai ya shige can ƙasa ya yi shiru, ka rantse ya mutu. Sai ruwan farko ya sauka, ka gan shi a bakin rami yana miƙa wuya.

Baba ba mai magana ba ne. Yakan wuni a gida ba ka ji ya haɗa jimla uku ba. Amma a kan kunkurun nan yana da dokoki, kuma mun sha su tun muna yara. Ba a ɗaga shi sama. In dole ta sa, to hannu biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, a daidaice kamar yadda yake tsaye, kusa da ƙasa. Ba a kifar da shi. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya kai hannun baki. Ba a tsalle a saman ramin, ba a zuba ruwa a ciki, ba a zura sanda.

Wata rana Auta ya ɗauke shi ya ɗora a ka, yana zagaya tsakar gida yana cewa a sayi kunkuru. Fasinja ya sakar masa fitsari, ya gangaro masa har cikin kunne. Muka dinga dariya har da faɗuwa, Umma ma tana riƙe ciki. Baba bai yi dariya ba. Bai taɓa dukanmu ba, amma ranar ya kama kunnen Auta, wanda bai jiƙe ba, ya ce, "Wannan da kuke wa dariya guzurinsa ne. Ruwan da zai rayu da shi a cikin ƙasa har damina ke nan, ka tsorata shi ya zubar." Ya ɗauko faranti mai faɗi, ya zuba ruwa ɗan kaɗan, ya zaunar da Fasinja a ciki, ya tsuguna a gefensa har sai da ya ga ya dulmiya baki yana sha.

Babbar dokar kuwa, wadda ta fi duka, ita ce ba a jan shi daga rami. "Ko da hannu, ko da igiya," in ji Baba. "In ka ja, shi kuma sai ya miƙe ƙafafu ya tokare bayansa da rufin ramin. Ramin ba zai ji komai ba, a jikinsa ƙarfinka zai ƙare." To yaya ake fito da shi? Sai Baba ya tsuguna a bakin ramin, ya buga ƙasa da tafin hannu, a hankali, bub, bub, bub, sannan ya zauna ya jira. Wani lokaci har shayinsa ya huce ƙuda ya faɗa ciki. Can sai ka ji ƙasa tana zuba, ka ji huci, ka ga kai ya leƙo. In bai fito ba, Baba ya kakkaɓe wandonsa ya ce yau ba ya son baƙi.

Zan faɗi gaskiya, na yi kishin dabbar nan. Baba zai dawo daga tafiyar da ta ɗauke shi tsawon lokaci, ya dube mu ya ce, "Lafiya dai ko?" ya ajiye jaka, ya zarce bayan gida. Ni bai taɓa tsugunawa a ƙofar ɗakina ya jira in fito ba. Da na ga a can kaɗai ake samunsa, sai na koma bin sa can. In zauna a gefensa, bakin nan nawa in kulle shi da ƙyar, mu yi ta jira tare. A haka na koyi bugun. 'Yan uwana maza ba su da wannan zaman. Su abin da suka ɗauka a wurinsa son mota ne.

Da suka girma suka buɗe gareji a gaban gidan. Yaya bakanike ne, Auta kuma gyaran jikin mota da fenti. Kuma wallahi sun iya aikinsu, ba zan rage musu ba. Mota ta zo a murƙushe kamar gwangwani, Auta ya mayar da ita ka rantse yanzu aka sauke ta. Yaya kuwa duk abin da ya maƙale a duniya, maganinsa ɗaya ne a wurinsa: a ɗaura masa sarƙa a ja. Mota ta faɗa kwata, sarƙa. Inji ya ƙi fita, sarƙa. Ƙofar ɗakin ajiya ta kumbura da damina, ita ma sai da ta sha sarƙa.

Umma ta rasu, Baba ya ajiye tuƙi, bayan gida ya zama wurin aikinsa. Ana nan wata safiya ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Ɗan abin da dama yake faɗa, shi ma aka karɓe. Sai wani sauti da yake fitowa daga maƙogwaronsa, da hannun hagu guda.

Kada ku ce 'yan uwana ba sa son ubansu. Yaya ne yake yi masa wanka da hannunsa, shi yake yi masa aski, bai taɓa yatsine fuska ba. Auta ya samo wani tsohon keken marasa lafiya, ya canza masa tayoyi, ya fesa masa fenti kalar tsohuwar motar Baba. Ni ina aure a wata unguwa, amma kullum da safe ina gidan. In tura shi zuwa gindin lemo, mu sauko da shi kan tabarma, ya jingina da ni, ya miƙa hannun hagun ya buga ƙasa. Bugun ya yi rauni, amma Fasinja yana ganewa. Ya fito, ya tako har gwiwar Baba, ya karɓi ganye daga hannunsa. A lokacin ne kaɗai rabin fuskar Baba mai rai yake murmushi. Duk magungunan da muke ɗirka masa, ba wanda ya taɓa yi masa haka. Kowa a gidan ya san cewa abin da yake fito da tsohon nan daga ɗaki ke nan.

Sai gareji ya yi musu kaɗan. Motoci suka cika gaban gida suka malala kan titi, maƙwabta suka fara ƙorafi. Yaya ya yanke shawara za a fasa katangar baya, a shafe filin da siminti, a haƙa ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota. Fasinja kuma an gina masa gida a lungun da yake daura da tagar Baba. Suka kira ni in gani, suna ta washe baki. Bulo ne aka jera, da rufin kwano, da ɗan kwarmin ruwa, an shafe ƙasan da siminti sumul, Auta har ya zana masa ganyaye a bango.

Na ce, "A ina zai tona?"

Yaya ya ce, "Ai shi ya sa. Ya huta da tona, mu ma mu huta. Baba yana kwance zai riƙa hango shi ta taga."

"Yaya, zafin ranar nan a kan siminti? Gasa shi za ku yi?"

"Ga rufi, ga ruwa. Ke dai ba a yi miki gwaninta."

Wannan ma na ce za a iya gyarawa, a fasa simintin a zuba ƙasa daga baya. Matsalar ita ce lokacin tsakiyar zafi ne, Fasinja ya riga ya shige can ƙasa. Ni da Baba muka yi ta zuwa safiya bayan safiya, ya buga, in buga, shiru. Mu bai dame mu ba, haka yake yi duk shekara. Yaya ne abin ya dama. Tifa ta riga ta juye yashi da tsakuwa a ƙofar gida, magina suna da wani aikin da yake jiransu.

Na ce, "Ku bari ruwan farko ya sauka, da ƙafarsa zai fito."

Ya ce, "Ruwan da kike jira, shi nake gudu. In ya sauka kafin a yi daɓen nan, aiki ya lalace."

"Baba ya ce ba a jan shi."

"Fizga Baba ya hana. Mu wa ya ce miki fizga za mu yi? Sarƙar da nake ɗaga inji da ita, ko kofin shayi kika ɗora a kan injin ba zai zube ba."

"Kunkuru ba inji ba ne, Yaya."

"To, na ji," in ji shi. Duk wadda ta tashi da yayye maza ta san irin wannan "na ji" ɗin. Na san ta, amma na ɗauka ko don idon Baba ba za su yi ba.

Ranar da abin ya faru na makara, na tsaya kai wa wata mata ɗinkinta, ta sa ni gyaran hannun riga. Ina isowa na ga gareji a buɗe ba kowa. Sai na jiyo sarƙa daga bayan gida, ƙarar nan tata, ƙat-ƙat-ƙat, a hankali. Na yar da jakata na ruga.

Sun fasa katangar, sun turo wata mota sun ɗaure sarƙar a jikinta. Sun faɗaɗa bakin ramin da shebur. Auta yana kwance rub da ciki, ya yi buɗu-buɗu da ƙasa, tocila a baki, yana riƙe da dogon rodi da suka lanƙwasa masa kai ya zama ƙugiya, suka ɗaura gindinsa a bakin sarƙar. Daga baya na ga har sun naɗe ƙugiyar da robar tsohuwar taya, wai don kada ta ji masa ciwo. A gefe ga katako an shimfiɗa masa soso, wanda za su ɗauke shi a kai, kusa da ƙasa, a daidaice, yadda Baba ya koya mana. Duk ƙananan dokokin sun kiyaye. Yaya yana tsaye yana jan sarƙar da yatsu, ido a kan ramin, cikin natsuwa irin ta gwani.

Ga Baba a inuwar lemo. Sun sa masa riga mai tsabta, sun turo shi gaba-gaba don ya ga an fito masa da abokinsa. Yana ta dukan hannun keken da hannun hagu, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, sautin nan yana fita, miyau yana zuba a kan rigar. Yaya ya waiwaya ya ce masa, "Kwantar da hankalinka, Baba, ya kusa. Yanzu za ka gan shi."

Na yi ihu, "Ku saki! Don Allah ku saki! Ya tokare ne!"

Auta ya cire tocilar daga baki ya ce, "Yana tahowa, na ji ya motsa."

Na kama hannun Yaya. Ya ture ni da gwiwar hannu, ba da mugunta ba, yadda ake ture mai tsayawa a kan hanya lokacin aiki. Ya ƙara ja. Sarƙar ta miƙe ta yi tsaf, motar da aka ɗaure ta a jiki har ta ɗan girgiza. Sai muka ji ƙas daga cikin ƙasa. Ba ƙara mai ƙarfi ba ce. Sarƙar ta yi sako-sako.

Rodin ya fito da gutsuren ƙoƙon bayan Fasinja a bakin ƙugiyar, da nama a jikinsa.

Daga nan Baba ya daina dukan keken. Suka ɗauki shebur suka bi ramin suna tonawa, suka sare saiwar lemon, abin da da sun yi shi tun farko da hannu da haƙuri, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Suka tarar da shi a can ƙarshe, ƙafafunsa a miƙe, ƙusoshinsa a kafe cikin ƙasa. Gefen ƙoƙon ya ɓalle ta wajen ƙafar baya, tsagar ta haura har tsakiya, ƙafar tana lilo. Ƙasar da yake kai ta jiƙe sharkaf, ya zubar da ruwansa duka. Suka ɗora shi a kan katakon nan mai soso, hannu biyu, kusa da ƙasa, suka wuce da shi ta gaban Baba. Baba ya bi shi da ido, sannan ya sunkuyar da kai.

Ni na tura Baba ɗaki, na canza masa riga, na fita neman likitan dabbobi. Kafin in dawo da shi, Auta ya yi abin da ya iya. Ya kwaɓa abin nan da suke cike jikin mota da shi idan ta lotsa, ya cike tsagar, ya goge ta sumul, har ya haɗa fenti ya dace da kalar ƙoƙon. Yana yi yana kuka, in ji matar Yaya. Da ka gani daga nesa, ba ka cewa an taɓa shi. Likitan ya duba ya riƙe baki. Ya ce an rufe ƙasa da datti a cikin ciwon, dole a ɓamɓare. Aka ɓamɓare, ina riƙe da Fasinja, yana huci a hannuna. Likitan ya wanke, ya yi allura, ya ce in yi ta sa shi a ruwa ɗan kaɗan ko zai sha, saura kuma sai abin da Allah ya yi.

Washegari magina suka zo. Ba a fasa ba. Yaya ya ce abin da ya faru ya riga ya faru, barin aikin ba zai ɗinke ƙoƙon ba. Aka cike ramin, aka sare lemon tunda saiwarsa ta tafi, aka malala siminti daga bango zuwa bango.

Fasinja bai sha ruwan ba, bai ci ganyen ba. Na kai masa ƙasa a buhu na zuba a gidan nasa, amma ƙasar da ba ta kai zurfin tafin hannu ba me za ta yi masa? Sai ya ja jiki da ƙafa uku zuwa kusurwa, ya ture ƙasar, ya yi ta kartar siminti. Tagar Baba tana daidai wurin, kamar yadda suka tsara. Yana kwance yana jin kartar nan wuni guda. Na so in ɗauke kunkurun in kai shi gidana, likitan ya ce jijjigar hanya za ta ƙarasa shi. Wata safiya na zo ban ji kartar ba. Na same shi a kusurwar, kansa a waje, ƙusoshin gaba sun cinye har jini.

Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka. Ruwa mai kyau, irin wanda ƙamshin ƙasa yake tashi. Ina tsaye a ƙofar kicin ina kallon yadda yake gudu a kan sabon daɓen yana faɗawa kwata. Yaya ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce Allah ya taimake mu simintin ya riga ya kama. Na dube shi. Sai na shige ciki.

Tun ranar sarƙar Baba bai ƙara yarda ya hau keken ba. Ya juya fuska bango. Abinci sai na yi da gaske yake karɓar cokali kaɗan. Auta ya je ya samo wani ɗan kunkuru, ya kawo masa har gado a cikin kwali, yana cewa, "Baba, ga sabon fasinja." Baba ko juyowa bai yi ba. Na ce wa Auta ya mayar da shi inda ya samo shi tun kafin shi ma su gyara shi. Ya fita yana share ido. Na san na soke shi, kuma ban ji tausayinsa ba.

Likitan Baba ya ce kwanciyar nan za ta kashe shi, lallai a riƙa fito da shi yana shan iska. Sai ga Yaya da Auta sun shigo ɗakin da keken, sun naɗe hannun riga. Yaya ya ce, "Kama ta ƙafa, ni in kama ta kafaɗa. A hankali za mu yi." Baba ya miƙa hannun hagu ya damƙe ƙarfen gadon. Na ga yatsunsa sun yi fari. Yaya ya sunkuya zai ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba. Na ce, "Wallahi duk wanda ya ja shi, sai dai ya haɗa da ni. Bai ishe ku ba?"

"Don lafiyarsa ne fa," in ji Yaya.

"Wancan ma don lafiyarsa kuka yi. Ku fita."

Suka fita. Yaya bai yi mini magana ba tsawon lokaci, ni ma ban neme shi ba. Har yanzu shi yake yi wa Baba wanka, a kan gadon, Baba yana kallon bango. Ban ce ba ya shan wahala a ransa ba. Na ce dai ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Na kwaso keken ɗinkina na dawo da shi ɗakin Umma, mijina ya ce in je, ya fahimta. Yanzu kullum da safe, kafin gareji ya fara hayaniya, nakan shiga ɗakin Baba da shayinsa. Ba na kiran sa, ba na taɓa shi. In zauna a ƙasa a gefen gadon, in buga katifar da tafin hannu, a hankali, bub, bub, bub, in kulle bakina in jira. Yawanci shayin ne yake hucewa. In tashi in ce a raina yau ba ya son baƙi.

Kwanan nan na buga, ina zaune, sai na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya saki ƙarfen gadon, ya juyo da ƙyar, har na miƙa hannu zan tare shi. Bai dube ni ba. Ya sako hannun hagun ƙasa, ya laluba har ya taɓa daɓen ɗakin, ya buga, bub, bub, bub. Sannan ya karkata kunne, yana saurare.

Ba ni yake amsa wa ba, na sani. Tun ina yarinya ba ni ba ce. Na gyara zama kusa da hannun nasa, muka yi ta jira tare, har aka tayar da injin farko a bayan gida.